Me Ya Hana Tumbi Narkar da Kansa?

Tumbin da ke narkar da ganda da naman da aka ɗora a kan wake da shinkafa a unguwar Nima, shi ma nama ne. Ruwan da yake zubawa asid ne mai ƙarfi. To me ya hana shi cin kansa?

Akwai wani yauƙi mai kauri da ya shafe bangon tumbi, a ƙarƙashinsa kuma akwai sinadarin baikabonet, ɗan'uwan kanwar da tsofaffi kan jiƙa wa mai ƙwannafi, wanda ke kashe kaifin asid kafin ya taɓa tsoka. Fatar cikin kuma tana sabunta kanta cikin 'yan kwanaki. Amma duk wannan ba ya tafiya sai da umarni, cikin masu kai umarnin kuwa akwai homon, wato sinadaran aike da tumbi da hanji ke saki cikin jini.

Na farkon da aka gano a duniya ma daga hanji ya fito. A 1902, a Landan, William Bayliss da Ernest Starling suka gano sikiritin. Da zarar abinci mai tsami ya gangara bakin ƙaramin hanji, sikiritin ne ke sa fankiriyas ya kwararo baikabonet, ya kuma ce wa tumbi ya sassauta. Gastirin kuwa, wanda John Edkins ya yi bayaninsa a 1905, shi ke tayar da asid in abinci ya shigo, kuma shi ke taimaka wa fatar tumbi ta yi kauri. In tsami ya yi yawa sai somatostatin ya taka masa birki. A 1999 masana a Japan suka gano girelin, mai sa jin yunwa, wanda gwaji a kan dabbobi ya nuna yana ƙara gudun jini a bangon tumbi.

Akwai kuma furostagilandin, wanda aikinsa a nan kusa yake: shi ke sa a yi yauƙin, a fitar da baikabonet, jini ya wadata. A nan ne maganar ta shafi mutanen unguwannin Zango irin su Nima kai tsaye. 'Yar kaya da ta wuni da kwano a ka a kasuwar Nima ranar Laraba, ko magini, ko direban tirotiro, da yamma sai ya tsaya a kemis ya ce a ba shi na ciwon jiki. A miƙo masa diclofenac ko ibuprofen, ya kora da shayi, sau da yawa ciki ba komai. Waɗannan ƙwayoyi suna kashe ciwo ne ta hanyar hana jiki yin furostagilandin, kamar yadda John Vane ya nuna game da asfirin a 1971. Ciwon baya ya lafa, amma yauƙi ya sirance, asid ya sami hanya. Farasitamol bai da wannan illa ga tumbi.

Ɗaya mai ɓarnar ita ce ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda galibi tun ƙuruciya ake ɗauka, musamman inda ake cunkoso a gida ɗaya kuma ruwa mai tsabta ke wuya. Tana rage somatostatin, gastirin ya yi ta aiki ba mai tsawata masa. Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya ne suka gano ta a 1982. Da likitoci suka ƙi yarda cewa tana haddasa ciwon tumbi, Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984. An ba su kyautar Nobel a 2005.

Duk da haka, har yau in aka ce wa mutum yana da olsa, wato gyambon tumbi, yunwa da shito mai barkono ake ɗora wa laifi. Yaji yana iya tsananta zafi ga mai gyambo, azumi ma haka, amma ba su ne tushen ciwon ba. Abin takaici, mutum zai bar barkono, ya rungumi madara da omeprazole shekara da shekaru, alhali gwajin bayan gida na iya nuna ƙwayar, maganinta kuma na kimanin mako biyu ne. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, ko ya yi aman jini, wannan ya wuce kemis: Asibitin Maamobi ko na Korle Bu zai nufa a ranar.