Yadda atisayen ƙarfafa tsoka ke kare ƙashi da lafiyar tsofaffi

Da yawa daga cikin mutane na ɗaukar raunin gwiwa da wahalar miƙewa daga tabarma a matsayin harajin tsufa da ba makawa sai an biya. Sai dai binciken likitoci ya nuna cewa rashin sa tsoka aiki na da babban kaso a wannan rauni, kuma ana iya rage shi ko da shekaru sun ja.

Daga kimanin shekara 30, jiki yana fara asarar tsoka da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a duk shekara goma, lamarin da ke ƙara sauri bayan shekara 60. Shi ma ƙashi yana kai ƙololuwar ƙwarinsa ne a wajajen shekara 30, sannan ya soma raguwa sannu a hankali. Mata sun fi fuskantar zaizayewar ƙashi bayan ɗaukewar al'ada, saboda raguwar sinadarin istirojin da ke kare shi.

Haɗarin yana bayyana ne idan raunin tsoka ya haɗu da ƙashi maras ƙwari. Ƙafar da ba ta da ƙarfi ita ke jawo faɗuwa, kuma faɗuwa ɗaya na iya karya ƙashin ƙugu, ta kwantar da dattijo tsawon watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa.

Ƙashi halitta ce mai rai da ke sabunta kanta gwargwadon nauyin da aka ɗora mata. Idan tsoka ta ja shi da ƙarfi, ƙwayoyin da ke gina shi sukan ƙara himma. Saboda haka ne 'yan sama jannati ke asarar ƙwarin ƙashi idan suka daɗe a sararin samaniya, inda jiki ba ya ɗaukar nauyi.

Tsufa kuma ba ya rufe ƙofar amfana. A wani nazari da Dakta Maria Fiatarone ta jagoranta a birnin Boston na Amurka, wanda aka wallafa a 1994, tsofaffi masu matsakaicin shekaru 87 sun ninka ƙarfin tsokar ƙafafunsu bayan mako goma na atisaye.

A ƙa'idojin da ta fitar a 2020, hukumar ta shawarci manya da su ƙarfafa dukkan manyan tsokoki aƙalla kwana biyu a mako. Ga masu shekara 65 zuwa sama, ta ƙara da atisayen daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku a mako.

Wannan ba ya buƙatar kayan zamani. Tashi daga kujera da komawa ba tare da dafa hannu ba yana ƙarfafa cinya. Tura bango da tafukan hannu yana gina ƙirji da damtse, ɗaga dugadugai kuma yana ƙarfafa sha-raɓa. Robar ruwa mai lita ɗaya tana da nauyin kusan kilo ɗaya, ta isa a fara da ita. Akan maimaita kowane motsi sau 8 zuwa 12, a ƙara nauyi idan ya yi sauƙi, a kuma bar tsokar ta huta kwana guda.

Abinci na da nasa gurbin. Wake, ƙwai, kifi, gyaɗa da awara suna gina tsoka, yayin da nono da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu ke samar da sinadarin kalsiyam.

Masu hawan jini, ciwon zuciya ko tsohuwar karaya su tuntuɓi likita kafin su fara. Bai kamata a riƙe numfashi lokacin ɗaga nauyi ba, kuma ciwon ƙirji ko jiri alama ce ta a dakata nan take a nemi asibiti.