Malamin Riƙon Ƙwarya: Yadda Matasan Cikin Birni Ke Fara Riƙe Alli

Da wuya ka samu matashin malami a sakandarorin cikin birnin Kano wanda ya fara shiga aji da takardar kama aiki a hannunsa. Galibinsu gurbin wani suka fara cikewa. Malamar Turanci ta tafi hutun haihuwa, malamin lissafi ya samu kujerar Makka, wani an yi masa canjin wurin aiki ba a turo madadinsa ba, wani kuma ya yi ritaya an bar ajinsa haka nan. Sai shugaban makaranta ya tambayi malamansa ko akwai wanda ya san yaro mai NCE ko digiri da yake zaune a gida. Kafin la'asar labari ya kai wani zaure a Yakasai ko Mandawari, washegari saurayi ya goge kaftaninsa ya zo gaisuwa ofis.

A Amurka da Ingila wannan aiki sana'a ce mai rajista. Akwai jerin sunayen malaman da ake kira idan wani bai zo ba, kuma ana biyansu gwargwadon kwanakin da suka yi. Mu a nan ba mu tsara shi haka ba, amma muna da shi, sunayensa ne kawai suka bambanta: malamin PTA, ɗan sa kai, ɗan bautar ƙasa, ko ɗalibin kwalejin ilimi da ya zo gwajin koyarwa daga Sa'adatu Rimi, aka ga yana da ƙoƙari aka ce ya ci gaba da zuwa.

Tsayawa a madadin malam ba baƙon abu ba ne a birnin nan. A makarantar allo, idan malam ya yi tafiya ko ya yi baƙi, gardi ne yake biya wa ƙolawa karatu, ya duba wankin allo, ya riƙe dorina. Ta haka yake koyon malanta a gaban malaminsa, har ranar da za a sallame shi ya kafa tasa tsangayar. Gardi ya san inda hanyarsa ta nufa. Matashin da ke riƙon aji a boko shi ne bai sani ba.

Tarihin ilimin zamani a Kano ma cike yake da aron malamai. Da aka buɗe makarantar koyon shari'a a 1934 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci, wato SAS, a 1947, daga Sudan aka ɗauko shehunnan da suka koyar a cikinta. Bayan an ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, a 1976, makarantu suka cika suka batse, sai azuzuwan kimiyya da lissafi suka koma hannun Indiyawa da 'yan Pakistan da 'yan Ghana, tare da 'yan bautar ƙasa waɗanda aka fara turawa jihohi tun 1973. Duk wanda ya yi makarantar Rumfa ko ta Shekara a wancan zamani zai ba ka labarin irin waɗannan malamai. Sai dai su baƙin nan da yarjejeniya a rubuce suka zo, sun san albashinsu, sun san ranar da aikinsu zai ƙare. Yau da muke da namu 'ya'yan masu takardu, ga Jami'ar Bayero da kwalejoji suna yaye su duk shekara, sai muka koma ɗaukarsu da fatar baki.

Ranar farko ita ce ba ta mantuwa ga duk wanda ya yi ta. Mataimakin shugaba mai kula da karatu zai miƙa masa jadawali, da littafin manhaja wanda bangonsa ya rabu, da alli guda biyu, ya nuna masa aji da hannu. Idan ya yi sa'a a raka shi a ce, "Ga sabon malaminku, ku ba shi haɗin kai." Yana shiga zai tarar da yara sun cika benci, wasu a ƙasa, wasu a kan taga, na baya ba ya ko ganin fuskokinsu. Wasu daga cikin 'yan aji uku na babbar sakandare bai girme su da shekara biyar ba, kuma a unguwa ɗaya suke, sun san shi a filin ƙwallo, sun san sunan da abokansa ke kiransa da shi. Tambayar farko ba ta darasi ba ce. Wani zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, kai ma tafiya za ka yi?" Sun saba a yi musu malami uku a zango ɗaya. Daga nan zai karɓi littafin yarinya ko yaron da ya fi kowa tsafta a rubutu, ya duba inda wanda ya gada ya tsaya, don ba wanda ya bar masa bayanin komai. Sau da yawa zai ga an tsallake babi biyu, ga jarrabawa saura mako huɗu.

A nan ne ake gane wanda aka halitta don aikin. Na ga matasan da suka shiga da niyyar rage zaman banza, kafin wata biyu sun fara tsayawa bayan an tashi suna yi wa 'yan jarrabawar WAEC da NECO bita kyauta. Abin da shekara uku a kwaleji ba ta koya musu ba, yadda ake ɗaga murya ba tare da tsawa ba, yadda ake gane yaron da bai karya ba, yadda ake magana da uban da ya zo cire 'yarsa, duk a wannan riƙon suke koyonsa.

Maganar kuɗi kuwa ita ce mai ciwo. Abin da ƙungiyar iyaye da malamai, wato PTA, ke bayarwa ba a ma kiransa albashi, "ɗan abin sabulu" ake cewa, ko "kuɗin mota", kuma yakan ƙare a a-daidaita-sahu kafin wata ya raba. Ɗan bautar ƙasa da ke koyarwa a aji na kusa da shi yana karɓar naira 77,000 daga gwamnatin tarayya tun 2025. Shirin N-Power da aka fara a 2016 ya biya masu koyarwa naira 30,000 a wata, ya kuma cike gurabe da dama, amma da wa'adin kowane rukuni ya cika sai azuzuwan suka sake zama wayam. Lokacin da gwamnatin Ganduje ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, yara sun ƙaru, kuɗin da makarantu ke tarawa daga iyaye ya ragu, alhali daga nan ne ake sallamar malaman wucin gadi. Dokar ta-ɓaci kan ilimi da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa a watan Yunin 2024, da mayar da dubban malaman wucin gadi na shirin BESDA ma'aikatan dindindin, sun nuna cewa ana iya saka wa wanda ya yi haƙuri. To amma malamin da firinsipal ya ɗauka da baki ba ya cikin kowane shiri, sunansa ba ya cikin kowane kundi. Ranar da aka zo ɗaukar ma'aikata, shi da wanda bai taɓa riƙe alli ba layi ɗaya za su bi, kuma kowa ya san mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya.

Akwai kuma ɓangaren yaran, wanda ba a cika magana a kansa ba. Tun da ba a tantance mai riƙon, sai ka ga wanda ya karanta tarihi an ba shi kimiyya don shi ne ya samu. Hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa, TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa, tana da jarrabawa da lasisi, amma ba kasafai ake tambayar ɗan riƙon ƙwarya ko yana da su ba.

Gyaran bai fi ƙarfin Hukumar Kula da Manyan Makarantun Sakandare ta jiha ba. Kowane ofishin shiyya, na Dala da Gwale da Birni, ya buɗe rajistar matasa masu takardar koyarwa, kowa da fanninsa. Idan malama za ta tafi haihuwa, ai tun watanni kafin ranar an sani, sai a ɗauko na gaba a jerin, a haɗa su ko na mako guda ne ta nuna masa inda ta tsaya. A yanka masa kuɗi tabbatacce na kowace rana, a biya ta asusunsa. Idan ya gama a ba shi takardar shaida mai hatimi da ta nuna darasin da ya koyar da tsawon lokacin, kuma a rubuta a ƙa'idar ɗaukar aiki cewa mai irin wannan takarda shi za a fara kira tantancewa.