Yini Guda a Jirgin Kwana na Kerala

A jihar Kerala da ke kudu maso yammacin Indiya akwai yankin da ruwa ne titinsa. Koguna da tafkuna da magudanai sun sarƙe a bayan gaɓar teku, babbansu kuwa shi ne tafkin Vembanad. Nan ne gidan jirgin da ake kira kettuvallam, musamman a garin Alappuzha.

Asalinsa jirgin dako ne, yana kwasar shinkafa da kayan yaji daga yankin Kuttanad zuwa tashar Kochi. Masassaƙa kan jera katakon itacen anjili su ɗaure shi tamau da igiyar zaren kwakwa, ba sa buga ƙusa, sannan su shafe shi da baƙin man ɓawon kashu don kada ya sha ruwa. Da motoci suka ƙwace dakon, sai a farkon shekarun 1990 aka fara lulluɓe shi duka da rumfar gora da tabarmi, aka sa ɗakunan kwana da kicin, ya koma masaukin baƙi.

Da hantsi ya ɗaga ake tashi. Galibi ma'aikata uku ne: matuƙi a gaba, mai kula da inji, sai kuku. Tafiyar ba gaggawa, don haka baƙo yana ganin rayuwar mutane daki-daki. Ga mata a bakin matakalar ƙofar gida suna buga wanki a kan dutse, ga mai tallan kifi a ƙaramin kwale-kwale yana kiran masu saye gida-gida, ga makiyayi yana koro garken agwagi da doguwar gora. Abin mamaki shi ne gonakin Kuttanad: suna ƙasa da doron teku, ganuwar ƙasa ce ke tare musu ruwa, har na cikin jirgi sai ya sunkuyar da ido kafin ya ga shinkafa. A 2013 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) ta sa wannan noma cikin kayan gadon noma na duniya.

Da azahar sai a ɗaure jirgi a gindin kwakwa. Kuku ya kawo jar shinkafa da miyar kwakwa da kifin karimeen, wanda ake cuɗawa da yaji a naɗe a ganyen ayaba a gasa.

Al'adar da ta fi burge ni ita ce ta yamma. Wajen ƙarfe biyar da rabi kowane jirgi kan kashe inji ya kwana a bakin gaɓa, domin dare na masunta ne, su za su shimfiɗa raga. Komai kuɗin baƙo, sai ya haƙura har gari ya waye.

Sai dai jirage sun yi yawa, man dizal da ƙazantarsu na gurɓata ruwan da jama'a ke wanka da kamun kifi a ciki. Yadda aka bar wa masunci darensa, haka ya kamata a tsare masa tsabtar ruwansa, don da shi yake ciyar da iyalinsa.