Yadda Ake Sasanta Koci da Magoya Baya

Idan al'amura suka dagule wa mai horar da 'yan ƙwallo, har magoya baya suka fara neman a sallame shi, jami'an hulɗa da jama'a kan shiga tsakani domin sulhu, su bayyana maƙasudinsa, su kusanto shi ga mutane. Misali, a watan Agusta na 2021 Arsenal ta sha kashi a wasanni uku na farko na gasar Firimiya, aka yi ca a kan kocinta, Mikel Arteta. Amma da kamfanin Amazon ya fitar da shirin da ya nuna zamansa da 'yan wasa a 2022, jama'a suka shaida himmarsa da ikhlasinsa, zukata suka yi sanyi. Sai dai fasahar magana ba ta wadatarwa, muddin nasara ba ta biyo baya ba.