MITA MAI AIKA RAHOTO: Ina Za A Tara Lissafin Wutar Tambuwal Da Kebbe?

Tun zamanin hukumar NEPA, wadda aka kafa a shekarar 1972, babu gardamar da ta daɗe tsakanin masu ba da wutar lantarki da masu shan ta a ƙasar nan kamar gardamar takardar bil. Mai gida yana cewa kwana nawa ma aka kawo wutar, ma'aikaci kuwa yana cewa shi ɗan aike ne, kuma babu mai shaida a cikinsu domin babu wanda ya auna. An sake wa hukumar suna ta koma PHCN a 2005, aka kuma sayar wa 'yan kasuwa kamfanonin rarraba wuta a 2013, amma gardamar tana nan inda aka bar ta.

Ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato, suna ƙarƙashin kamfanin Kaduna Electric ne, wanda ke rarraba wuta a jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, wanda kuma bai shiga hannun masu saye ba sai ƙarshen 2014. Ƙidayar 2006 ta ba Tambuwal mutum kimanin 225,000, Kebbe kuwa kimanin 125,000. Garin Tambuwal yana bisa babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, amma Kebbe ta fi faɗin ƙasa, jama'arta kuma a warwatse suke cikin ƙauyuka masu nisa da juna. A irin wannan wuri, aika ma'aikaci gida-gida kowane wata domin karanta mita na iya cinye kuɗin da za a karɓo. Shi ya sa ƙiyasi ya fi sauƙi ga kamfani, shi ya sa kuma ya fi nauyi ga talaka.

Matsalar ba ta wannan yanki kaɗai ba ce. Bisa ga lissafin hukumar NERC mai kula da harkar lantarki, a shekarar 2024 akwai masu shan wuta kimanin miliyan 13 a rajista, waɗanda ke da mita kuwa ba su kai rabi ba, duk da shirin raba mitoci da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a watan Oktoba na 2020 da rancen Babban Bankin Nijeriya.

Mita iri uku

Ya kamata mai karatu ya bambance mitocin. Akwai tsohuwa mai faifai da ke juyawa, wadda sai an zo da biro da littafi an karanta ta. Akwai mai kati, wadda mutum ke sayen wuta tukuna, a ba shi lambobi 20 ya danna. Wannan ta kashe gardamar bil a gidan da ta shiga, amma bebiya ce, ba ta gaya wa kamfani komai. Ta uku ita ce mai aika rahoto. Tana ɗauke da layin sadarwa kamar wayar hannu, tana auna wutar da aka sha kowane minti 15 ko 30, tana rubuta lokacin da aka ɗauke wuta da lokacin da aka dawo da ita, da ƙarfin da ta zo da shi, har ma ta kai ƙara idan wani ya buɗe murfinta. Kamfanin Enel na ƙasar Italiya ya girka irinta kimanin miliyan 30 tsakanin 2001 da 2006, watau ba sabon abu ba ne a duniya.

To, a nan ne wata sabuwar wahala ke ɓullowa. Mitar da ke aunawa kowane minti 15 tana yin rahoto 96 a yini, watau 35,040 a shekara. Idan aka ɗauka, a misali, an girka 10,000, za su turo rahoto 960,000 kowace rana, fiye da miliyan 350 a shekara. Babu akawun da zai iya da wannan. Mitar da ba ta da inda za a tara rahotonta a tace shi, daidai take da ɗan saƙon da ya iso ya tarar da gida a kulle.

Rumbun haya

Maganin da kamfanonin lantarki na duniya suka koma gare shi shi ne hayar rumbu. Turawa suna yi wa wannan tsari laƙabi da gajimare, amma babu wani abu da ke sama. Manyan ɗakuna ne cike da kwamfutoci, da na'urorin sanyaya su, da wutar da ba ta yankewa, waɗanda kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google suke ba da hayarsu ta intanet. Kamar ɗan kasuwar hatsi ne da ya kama sito a kasuwa maimakon ya gina nasa: yana biyan kuɗin buhunan da ya ajiye, in kaya sun ƙaru a ƙara masa wuri. Microsoft ya buɗe irin waɗannan ɗakuna a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya biyo baya a 2020, a nan gida kuma kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone ya buɗe babbar cibiyarsa ta Kano a 2023.

Sai dai kama haya shi ne mafi sauƙin aikin. Rahoto yana fara sauka ne a wata kwamfuta mai karɓa, wadda dole ta ji yaren kowace irin mita, domin masana'antu dabam-dabam ne suka ƙera su. Daga nan sai a tace. Wata mitar agogonta ya yi gaba da minti goma, wata ta turo rahoto guda sau biyu, wata ta yi shiru kwana uku sannan ta zubo duka gaba ɗaya. Dole a daidaita waɗannan, inda kuma aka cike wani gurbi da ƙiyasi a sa masa alama, don kada gobe a ɗauke shi a matsayin abin da aka auna. Sai bayan wannan ne ake zuba shi a rumbu, inda sashen bil da injiniyoyi da hukumar NERC za su ɗiba.

Akwai kuma aikin da babu kwamfutar da za ta yi shi, watau na ƙafa. Dole a san kowace mita a gidan wa take, gidan yana shan wuta daga wace taransifoma, ita kuma taransifomar tana rataye da wane babban layi. A garuruwan da yawancin lunguna ba su da suna, gidaje ba su da lamba, ake kuma jawo waya daga wannan turke zuwa wancan ba tare da an rubuta ba, wannan rajista ita ce ginshiƙin ginin duka. An ga muhimmancinta a 2024. Lambobin mita mai kati suna ɗauke da ƙidayar mintoci da aka fara daga 1 ga Janairu, 1993, ƙidayar kuwa ta cika ranar 24 ga Nuwamba, 2024, don haka sai da aka ba kowane mai mita lambobi na musamman ya sabunta ta. Kamfanin da bai san inda mitocinsa suke ba, sai dai ya yi ta shela a rediyo yana jiran masu su su zo.

Abin da lissafin zai bayyana

Amfanin wannan ɗawainiya yana fitowa ne idan aka haɗa lissafi biyu. A ce mitar da ke jikin taransifoma ta nuna yunit 10,000 sun fita a wata, amma mitocin gidajen da ke ƙarƙashinta sun tashi 7,000. Ina sauran 3,000? Wani kaso ya ɓace a zafin tsofaffin wayoyi, wani kuwa sata ce, ko gidajen da ba su cikin rajista. A tsarin ƙiyasi, irin wannan giɓi yakan faɗa ne a kan wanda sunansa ke littafi ba shi da mita, watau mai nika da mai walda da malamin makaranta su biya wa wanda ba a sani ba.

Haka nan batun awoyi. Tun 2020 aka kasa layukan wuta rukuni biyar, daga A mai alkawarin awa 20 a yini, B 16, C 12, D 8, zuwa E mai awa 4, kowane da farashinsa. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga farashin rukunin A zuwa Naira 225 kowane yunit, tare da sharaɗin cewa layin da ya kasa cika alkawari kwana bakwai a jere a sauke shi. Hukumar NERC ta kuma ƙayyade iyakar bil ɗin ƙiyasi tun Fabrairu 2020, a farkon 2024 kuwa ta yanke wa kamfanonin rarraba wuta 11 tarar Naira biliyan 10.5 saboda ƙetare iyakar. Dokoki ne masu kyau a takarda. Amma mutumin Dogon Daji ko na Kuchi da zai ce layinsu bai sami ko awa huɗu ba, da me zai kafa hujja idan babu rubutaccen lissafin da za a buɗe?

Cikas

Babban cikas na farko shi ne sadarwa. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga, Tambuwal na cikinsu. Duk wanda zai tsara wa wannan yanki rumbun lissafi dole ya ɗauka cewa layi zai yanke, ya sayi mitar da za ta riƙe rahoton makonni a cikinta, ya kuma gina rumbun da zai karɓi tsohon rahoto ya sa shi a gurbinsa. Tsarin da aka kwafo daga ƙasar da sadarwa ba ta yankewa zai yi ta nuna ƙauyuka a matsayin waɗanda ba su sha wuta ba, ko ya koma yi musu ƙiyasin da aka gudo.

Na biyu kuɗi ne. Manyan masu ba da haya na waje galibi da dala suke lissafi, darajar Naira kuwa ta faɗi ƙwarai bayan da aka sake ta a watan Yuni na 2023, alhali kamfani da Naira yake karɓar bil. Shi kansa Kaduna Electric, a watan Janairu na 2024 hukumar NERC ta rushe hukumar daraktocinsa saboda bashin da ya kai kimanin Naira biliyan 110. Sai kuma batun sirri, domin lissafin kowane minti 15 yana nuna lokacin da mutanen gida suka tashi da lokacin da suka yi tafiya, abin da bai kamata ya faɗa hannun kowa ba a yankin da ke fama da rashin tsaro. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai tara irin wannan bayani alhakin tsare shi.

Idan aka dubi waɗannan duka, bai kamata Tambuwal da Kebbe su jira sai kowane gida ya sami mita mai aika rahoto ba, domin wannan zai ɗauki shekaru. Taransifomomi da manyan layuka ba su kai gidaje yawa ba ko kusa, kuma su ne ya fi dacewa a fara sa wa. Da wannan kaɗai za a san awoyin da kowane gari ya samu da yawan wutar da ta shiga kowace unguwa, a kuma gane taransifomar da aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinta tun kafin ta ƙone, jama'a su shiga karo-karon gyara. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa hukumominsu na kula da wannan harka, saboda haka Gwamnatin Jiha da majalisun ƙananan hukumomin biyu suna da bakin neman a riƙa liƙa lissafin awoyin kowane layi a sakatariya duk ƙarshen wata, a kuma karanta shi a rediyo da Hausa.