Shin Ko Kun San? Makarin Dafin Mashaƙo Daga Jinin Doki Yake

Shin ko kun san cewa idan likita ya zargi yaro na da mashaƙo, ba ya jiran sakamakon gwaji kafin ya yi masa allurar makarin dafi? Ƙwayar cutar a maƙogwaro take zama, amma dafin da take fitarwa shi ke bin jini ya kama zuciya da jijiyoyi. Makarin kuwa dafin da ke yawo kaɗai yake iya karyawa. Wanda ya riga ya shige cikin tsoka ya fi ƙarfinsa. Kafin a ɗebi samfuri a Yola, a rene shi a ɗakin gwaji, amsa ta dawo, kwanaki sun tafi, kuma kwanakin nan su ne ran yaron.

Ko kun san daga jinin doki ake tace makarin? Emil von Behring na Jamus da Kitasato na Japan ne suka gano dabarar a 1890, kuma Behring ya karɓi kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901. Har yau dokin ne ke yi mana wannan hidima. Shi ya sa ba allurar kemis ba ce: wani jikin kan ƙi ta, sai an sa ido a asibiti. Gwargwadon tsananin ciwo, akan ba da ma'auni 20,000 zuwa 100,000, a haɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su penisilin.

Mu nan Adamawa ba labarin nesa ba ne. A 2011 mashaƙo ya ɓarke a Kimba, cikin ƙaramar hukumar Biu ta jihar Borno, maƙwabciyarmu. An ƙirga mutum 98, kimanin ɗaya cikin biyar suka rasu, kuma ba a samu makarin ba. Daga ƙarshen 2022 kuma cutar ta sake tashi, Kano ta fi kowa jin jiki, ta taɓa Yobe da Bauchi da Borno da Katsina. Kullum motoci na shigowa Jimeta daga can.

Ko kun san kamfanoni ƙalilan ne ke yin makarin a duniya? Sannan sanyi yake so, tsakanin digiri 2 da 8. Wanda ya san zafin Yola a watan Afrilu ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Alamun mashaƙo: ciwon maƙogwaro, zazzaɓi mara tsanani, wuya ya kumbura, da wata yana mai ruwan toka da ke mannewa a maƙoshi. A ganina nan ne iyaye suka fi yin kuskure, a ce belu ne a kira wanzami. Yanar nan in an kankare ta jini take yi. Asibitin Ƙwararru na Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama ya kamata a nufa a ranar.

Wani abin mamaki: wanda ya warke ma sai an yi masa rigakafi, don ciwon ba lallai ya bar masa kariya ba. Jarirai kuwa allurar Penta ake musu a mako na 6, na 10 da na 14.