Masaukin Matasan 'Yan Wasa: Daga Kanada zuwa Zaurukan Sakkwato

A ƙasar Kanada, inda ƙwallon gora na kan ƙanƙara ya fi kowane wasa farin jini, akwai dubban gidaje da kan karɓi yaron da ba nasu ba a ƙarshen watan Agusta, su ci gaba da riƙonsa har sanyi ya wuce. Yaron ɗan wasa ne, shekarunsa tsakanin 16 da 20, kuma ƙungiyar da ta ɗauke shi tana wani gari mai nisa da garin iyayensa. Maimakon a tara irin waɗannan yara a ɗakin kwana guda kamar 'yan makarantar kwana, sai a rarraba su gida gida. Kowane ya samu ɗaki, ya ci abin da masu gida suka ci, ya bi dokar gidan. Sunan da suke kiran tsarin da shi, bilet, daga Faransanci ya fito, kuma asalinsa takardar da ake ba soja ce a zamanin da, wadda ke umartar mai gida ya sauke shi.

Abin da ya haifar da tsarin shi ne faɗin ƙasar da kuma yadda ake rabon 'yan wasa. Babbar gasar matasa ta Kanada ta kasu uku: ta yamma, ta lardin Ontario, da ta Quebec da lardunan gaɓar tekun gabas. Ƙungiyoyinsu sun kai kimanin 60, wasu ma a cikin Amurka suke. Ƙungiyoyin ne ke zaɓen yara bi da bi tun suna shekara 15 ko 16, don haka yaro ba shi ne ke cewa ga inda zai je ba. Gasar yamma kaɗai ta taso daga garin Brandon na lardin Manitoba har Portland a jihar Oregon, tazarar da ta zarce ta Sakkwato zuwa Legas nesa ba kusa ba. Ana fara kakar wasa a ƙarshen Satumba, kowace ƙungiya ta buga wasa sama da 60 kafin ƙarshen Maris, sannan a shiga zagayen fitar da gwani, a rufe da Kofin Memorial wanda ake bugawa tun 1919. Wato yaro kan yi wata bakwai zuwa tara ba ya kwana a ɗakin mahaifiyarsa, in ban da 'yan kwanakin hutun Kirsimeti.

Ƙungiya ce ke neman masu masauki. Takan naɗa mutum guda ya ziyarci gida, ya ga ɗakin da za a ba yaro, a kuma nemi shaidar 'yan sanda cewa manyan gidan ba su da tabon laifi. Ana biyan gidan 'yan ɗaruruwan dalolin Kanada a wata, a haɗa musu da tikitin shiga kallo. Masu masaukin kan ce kuɗin da ƙyar yake isar cefane, kuma duk wanda ya taɓa ciyar da saurayi mai motsa jiki sau biyu a rana ba zai yi musu ba. Ƙungiya ce ke yanka lokacin da dole yaro ya dawo gida da dare, ita ce ke bin sawun karatunsa, amma matar gidan ce ke fara ganin ranar da ya dawo ya kasa cin abinci domin an ajiye shi a benci. Yaran kan kira ta uwa, kuma zumuncin kan ɗore har bayan sun yi aure.

Manyan sunayen wasan da yawa ta nan suka bi. Wayne Gretzky, wanda ake ɗauka a matsayin gwanin gwanayen ƙwallon gora na kan ƙanƙara, ya bar garinsu Brantford a 1975 yana ɗan shekara 14, ya zauna a hannun wasu mutane a Toronto. Sidney Crosby kuwa, ko da ya shiga gasar manya a Pittsburgh a 2005 yana da shekara 18, gidan Mario Lemieux ya sauka, wanda abokin wasansa ne kuma ɗaya daga cikin masu ƙungiyar, ya yi shekaru a can duk da kuɗin da yake samu ya isa ya sayi gida nasa. Ƙwallon ƙafa na Ingila ma ya daɗe da irin wannan. George Best ya zo Manchester United daga Belfast a 1961 yana ɗan shekara 15, kewar gida ta kama shi, bai yi kwana uku ba ya gudu. Da aka lallashe shi ya komo, gidan wata dattijuwa aka sauke shi, a nan hankalinsa ya kwanta.

Yadda wannan alaƙa take da nauyi ya fito fili ranar 6 ga Afrilu, 2018, lokacin da babbar mota ta yi karo da bas ɗin ƙungiyar Humboldt Broncos a lardin Saskatchewan. Mutum 16 suka mutu, 13 suka ji rauni. Humboldt gari ne na mutum kimanin 6,000, kuma yawancin yaran ba 'yan garin ba ne. Sai ga shi kusan kowane yaron da ya mutu yana da gida biyu da ake zaman makoki: na iyayen da suka haife shi, da na waɗanda suka yi masa abincin safe a ranar.

Tsarin yana da nasa duhun. Yaron da ke nesa da iyayensa, wanda duk burinsa ke hannun koci guda, ba kasafai yake iya buɗe baki ba. A watan Janairun 1997 kotu ta ɗaure Graham James, tsohon kocin Swift Current Broncos, shekara uku da rabi bisa laifin lalata da yaran da ke ƙarƙashinsa. Ɗaya daga cikinsu, Sheldon Kennedy, shi ya fito ya faɗi sunansa a bainar jama'a, daga baya kuma ya duƙufa wajen wayar da kan masu hulɗa da yara a fagen wasanni. Ba mai masauki ne ya aikata laifin ba, amma shari'ar ta nuna abin da ke faruwa idan manyan da ke kewaye da yaro duk suna jin nauyin koci. Daga wannan lokaci ne aka tsaurara binciken masu horarwa da masu aikin sa kai a wasan.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga ainihin al'amarin, ko da bai taɓa ganin ƙanƙara ta rufe fili ba. Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja suna da mai masauki a kowane zango, mai ba su ɗaki, ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu a ciniki. Unguwar Sabo ta Ibadan ta ginu ne a kan irin waɗannan masu gidaje da ke sauke dillalan shanu da na goro. 'Yan dambe da 'yan kokawa, idan kaka ta yi suka fita yawon gari gari da makaɗansu, a hannun masu son wasan suke sauka, musamman mahauta, waɗanda dambe ya daɗe yana jingine da sana'arsu. Almajiri ma kan samu gidan da yake yi wa aike da wanki, a riƙa ajiye masa tuwo. Sannan ga riƙo, inda ake ba gwaggo ko kawu yaro ya tashi a hannunsu. Sai dai kowanne daga cikin waɗannan ya ɗan saɓa da ɗan wasa matashi. Falke babba ne, ya san kuɗinsa da hanyarsa. Ɗan riƙo kuma jini ne, dangi na sa ido. Shi kuwa yaron da ya taso daga Gwadabawa ko Tambuwal ko Isa domin wani koci ya ga ƙafarsa, ba babba ba ne kuma ba ɗan dangi ba ne. Wannan matsayi na tsaka-tsaki shi ne ke bukatar a yi magana a fili tun ranar farko.

A Nijeriya ana buga ƙwallon gora na kan fili, da ƙungiyoyi irin su Kada Stars ta Kaduna, Niger Flickers da Yobe Desert Rollers, amma wasan da ke raba yara da gidajensu da yawa shi ne ƙwallon ƙafa. Manyan ƙungiyoyi kan kama gida su tara 'yan wasansu, abin da ake kira kam. Ƙananan ƙungiyoyin unguwa ba su da wannan hali. Yaron da ya zo Sakkwato da burin wata rana ya sa rigar Sokoto United a filin wasa na Giginya, galibi ɗakin koci yake raɓawa, ko shagon abokin wasa, ko gidan wani ɗan garinsu. Daga cikin ukun, ɗakin koci ne ya fi sauƙin samu, kuma shi ne ya fi rauni, domin mutum guda ya zama shi ne mai ba da abinci, mai ba da makwanci, kuma mai yanke wa zai buga ranar Asabar. Idan aka samu saɓani, yaro ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Magidancin da zai karɓi irin wannan yaro a unguwa kamar Minanata yana da tambayoyin da mutumin Kanada ba ya fuskanta. Na farko tsarin gida. Riƙo a shari'ar Musulunci ba ya mai da yaro muharrami, don haka saurayin da ya balaga ba ya zama ɗan'uwan 'yan matan gidan don kawai yana cin tuwonsu. Ginin gargajiya ya riga ya warware wannan: ɗakin samari yana kusa da zaure ko yana da ƙofarsa ta waje, abinci kuma ƙananan yara ke miƙo shi daga ciki. Amma akwai haɗari a wannan mafita ɗin ma, domin shago mai ƙofar waje shi ne ɗakin da ba wanda ya san lokacin da aka shiga ko aka fita. Inda abin ke tafiya daidai, maigida kan haɗa baƙon da 'ya'yansa maza a ɗaki guda, su tafi masallaci tare, ya kuma san wurin hirarsu da dare.

Na biyu ciyarwa da lafiya. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, kuma a wasu shekarun azumi kan faɗo a wannan lokaci. Yaron da ke atisaye da sassafe da kuma bayan la'asar yana bukatar ruwa mai yawa da abinci mai riƙe ciki, wake, ƙwai, fura da nono, ba shayi da burodi kaɗai ba. Da damina kuma zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da shi. Wa zai biya kuɗin magani? Idan ya karye a fili, wa ke da ikon cewa a kai shi asibiti ko wurin mai ɗori? Waɗannan su ne abubuwan da kunya kan hana a tattauna, kuma su ne ke ɓata tsakanin iyaye da mai masauki daga baya. Rubuta su a takarda guda, da sa hannun uba da maigida da shugaban ƙungiya, a gaban mai unguwa, ba rashin yarda ba ne. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, kuma Jihar Sakkwato ta kafa tata dokar kare yara a 2021, don haka wanda ya ajiye ɗan wani a gidansa yana ɗauke da alhakin da hukuma ma za ta iya tambayarsa a kai.

Masauki kan zama tarko idan zancen fita waje ya shigo. Dokar FIFA ta hana a sauya wa ɗan wasa ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi: idan iyayensa sun ƙaura ne ba don ƙwallo ba, ko yana tsakanin 16 da 18 a cikin ƙasashen Tarayyar Turai, inda aka wajabta wa ƙungiya ta samar masa makaranta da masauki mai kyau, ko kuma gidansu da ƙungiyar duk ba su wuce kilomita 50 daga kan iyaka ba. Wannan na ƙarshe zai iya shafar yaron Birnin Ƙonni da ƙungiyar Illela, amma birnin Sakkwato ya yi nisa da iyaka fiye da haka. Ahmed Musa kansa, bayan ya ci ƙwallo 18 a kaka guda a Kano Pillars, sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin a ba shi damar buga wa VVV-Venlo ta Holan. Saboda haka dillalin da ya zo wa iyaye da alkawarin kai ɗan shekara 15 Turai, wai akwai gidan da zai zauna a can, abin da yake faɗa ya saɓa wa dokar da ta hau kan kowace ƙungiya mai rajista.

Saura karatu. Ko a Kanada, kaɗan ne daga cikin yaran ke kaiwa gasar manya ta NHL. Mafi yawa suna ajiye sanda da sun kai 20 ko su koma ƙananan gasanni. Shi ya sa gasar yammacin ƙasar ke ba ɗan wasa kuɗin karatun shekara guda a jami'a ko kwaleji a madadin kowace kaka da ya buga, kuma waɗanda ba su gama sakandare ba dole ne su shiga makarantar garin da aka kai su. Ƙungiyar unguwa a Sakkwato ba ta da aljihun yin haka. Abin da ke hannun mai masauki shi ne ya ga an yi wa yaron canjin makaranta kafin ya kwana a gidansa, ko a haɗa shi da mai sana'a, tela ko makaniki ko mai gyaran waya, wanda zai yarda ya sallame shi da ƙarfe huɗu ya tafi fili. Lokacin jarrabawar WAEC da NECO kan zo tsakanin Mayu da Yuli, daidai sa'adda gasannin unguwanni ke neman ƙafar yaro, kuma a takardar da aka sa wa hannu ne ake faɗin wanne za a fifita idan ranakun suka haɗu.